Tambaya kan SAT: in matsalar na da wuya haka, ya ake yi manhajoji ke warware ta?

ɗan_Ngaundere:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibin kwamfuta ne, an bani aikin tsara jadawalin darussa na wata lise (makarantar sakandare) da manhajar SAT. Abinda na gane dai game da matsalar SAT shine kana da haruffa, kowanne ko gaskiya ko ƙarya, da tarin sharuɗɗa, sai ka nemo yadda duk sharuɗɗan zasu cika lokaci guda. To amma mun karanta Stephen Cook ya tabbatar a 1971 cewa matsalar NP-complete ce, wato tana sahun mafi wuya cikin matsalolin da tantance amsarsu ke da sauƙi, Levin ma ya gano hakan a Tarayyar Sobiyet, har yau ba wanda ya san hanya mai sauri da zata ci kowace iri. Ta yaya kuma ake cewa akwai manhajoji masu warware matsala mai haruffa miliyan? Wallahi kaina ya kulle.

Malam_na_Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar Cook akan mafi munin hali take, bai ce kowace matsala ke da wuya ba. In zaka gwada duk hanyoyi ɗaya bayan ɗaya kam, haruffa 300 kawai sun baka hanyoyin da suka fi ƙwayoyin zarra na sararin samaniya yawa, amma ba wanda ke yin haka. Tun 1962 Davis, Logemann da Loveland suka kawo dabarar a zaɓi harafi a bashi gaskiya, a bi duk abinda hakan ya tilasta, in an ci karo a koma baya. Babban canji ya zo da manhajar GRASP a 1996, sai manhajar Chaff a 2001: in manhaja ta ci karo sai ta binciko haruffan da suka jawo karon, ta rubuta sabon sharaɗi da zai hanata sake faɗawa wurin, sannan ta tsallake can baya inda asalin matsalar take. Kamar ɗan kilando ne, wato mai babur na haya, da ya kafe a wata unguwa da damina, duk lungun da zai ɓulla can ya daina bi. Kuma matsalolin masana'anta, irin duba kuskure a cikin cip ɗin kwamfuta, suna da tsari a jikinsu, shi yasa wannan koyon ke cin riba sosai.

yaya_Njamena:
Malam ya faɗi gaskiya amma ka kula da wani tarko, don a jadawali yafi kama mutane. Tattabaru 11, akurki 10, kowace tana son nata ita kaɗai. Yaro ma yasan ba zai yiwu ba, amma Haken ya nuna a 1985 cewa irin hujjar da waɗannan manhajojin ke kafawa tana kumbura ninki ba ninki akan wannan, in adadin ya ɗan ƙaru sai kaga kwamfuta tana ta juyi babu amsa. To in darussanka sun fi adadin ajujuwa sau awowi yawa, daidai wannan ramin ka shiga. Ka fara ƙirgawa da hannu tukunna.
Ni abinda yafi burgeni ma a lissafi ne. A 2016 Heule, Kullmann da Marek suka yi amfani da manhajar SAT suka nuna ana iya raba lambobi daga 1 zuwa 7824 gida biyu ba tare da a, b, c masu cika a²+b²=c² sun haɗu a gida ɗaya ba, amma da an kai 7825 ba zai yiwu ba. Hujjar ta kai kusan terabayit 200, ba ɗan Adam da zai karance ta, wata manhaja daban ce ta tantance.

ɗan_Ngaundere:
Allah ya saka da alheri Malam, yaya na gode. Da wacce zan fara? Kwamfutata tsohuwa ce, ga intanet sai a hankali.

Malam_na_Marwa:
MiniSat. Tun 2003 take, kyauta ce, ƙarama, zaka iya karanta kod ɗinta ka fahimta. Rubuta sharuɗɗanka a tsarin DIMACS, wato salon fayil ɗin da waɗannan manhajojin ke karantawa, harafi ɗaya ga kowane "malami kaza, aji kaza, awa kaza". Fara da aji biyu kaga ta fito, in ya girma ka koma CaDiCaL ko Kissat na Armin Biere. Turo min fayil ɗin in duba maka.