Muhawara: Wai duk ɓacin fuska frown ne a Turanci?

Malamin SS3: Jama'a, abin nan ya ishe ni. A insha'in ɗalibai, ko harara ce, ko turo baki, ko yatsina, duk "he frowned his face" suke rubutawa. Laifinmu ne malamai da ba ma koyar da sauran kalmomin. Harara glare ce, a ce glare at wane. Zumɓura baki irin na yaron da aka hana alewa, pout. Murtuke fuska cikin fushi, scowl. Ɗage leɓen sama don raini, sneer. Yatsinar ciwo ko ƙyama, grimace. Sannan frown ba a sa mata face a gaba, "he frowned at me" ake cewa.

Mai fassara: Malam, ita frown ɗin ma ba ka faɗi mazauninta ba. A goshi take: gira biyu su matso juna har layi ya fito a tsakaninsu. Haɗe gira ke nan. Mai karanta ƙananan rubutu ma yakan yi ta, ba tare da fushi ba.

Ɗan kwamfuta: A'a Yaya, a baki take. Duba ☹ a wayarka, sunanta frowning face, baki ne ya lanƙwasa ƙasa. Amurkawa kan ce wa yaro ya kifa frown ɗinsa ta zama murmushi. Ai baki ake kifawa.

Mai fassara: Wannan na Amurka ne, ƙanena. Turancin Ingila muka gada a makarantunmu.

Ɗan kwamfuta: Amma yaran a fim da intanet suke tsintar Turanci, kuma na Amurka ya fi yawa a can.

Malamar firamare: Ku bar goshi tukuna, tsaki fa? Kowa hiss yake rubutawa, alhali hiss hura iska ce waje, irin ta maciji. Mai tsaki ciki yake zuƙo iska ta tsakanin haƙora, suck your teeth ko kiss your teeth ake cewa.

Mai fassara: Malama, tsaki sauti ne, ba ya cikin batunmu.

Malamar firamare: Ka taɓa ganin mai tsaki da sakakkiyar fuska?

Malamin SS3: Ni fa a kan koyarwa na yi ƙorafi, babu wanda ya tanka mini.

Shugaban zaure: To, an fahimta. A Turancin Ingila frown a goshi take kamar yadda Mai fassara ya bayyana, a na Amurka kuwa har lanƙwasar baki ƙasa akan kira frown. Batun tsaki a buɗe masa wani zaure. Na rufe nan.