Neman shawara: kowa da abin da yake gani a hotunan bangon da nake ɗauka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ɗaukar tsofaffin bangayen ƙasa na cikin birnin Zariya daf da daf: tsagewar yaɓe, ragowar zanen magina, tsatsar ƙyaure. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop nakan ɗora hoton tsohuwar takarda a kai don ƙara kaushi. Nufina a ga aikin hannun magina. Sai wani ya ce talauci nake tallatawa, wata ta ce fuskar tsoho take gani, wani kuma ya tambaya ko kyamarar ce ta lalace. Na fara zargin ko ban iya ba ne. Me zan gyara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, cikin ukun nan mai zancen kyamara ne ya ba ka aiki. Bangon ƙasa da kaushinsa ya zo, ka ƙara masa na takarda, su biyun suka shiga kokawa, ido ya ɗauka datti ne. Cire takardar ka duba. In dole sai da ita, sa ta a Soft Light (salon haɗa hoto kan hoto mai taushi a Photoshop), ƙarfinta kashi 15 zuwa 25 cikin 100, sannan ka goge ta daga inda kake so ido ya sauka. Salon haɗi na Multiply kuwa yana cinye inuwa har tsaga ta koma baƙi ƙirin. Clarity (maɓallin fito da kaushi) na manhajar Lightroom ma in ya yi yawa farin zobe yake yi wa gefen tsaga.

Amsa ta biyu:
Kaushi aikin haske ne tun kafin a je kwamfuta. Nemi lokacin da rana ke shafar bangon ta gefe, da hantsi ko bayan la'asar, kowane ƙurji ya samu inuwarsa. In tana dukansa gaba da gaba, shafal zai fito. Hazon hunturu ma haka yake kashe inuwa. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ta fuskanci bangon sak, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, buɗewar idon kyamara f/8 ko f/11. Kada ka matse zuwa f/22 wai don komai ya fito, laushi hoton zai yi.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, mai ganin fuskar tsoho ba ta kushe ka ba, ta tsaya ta kalla ne. Idon mutum da neman fuska yake, ko a gajimare. Aaron Siskind na Amurka ya yi suna tun shekarun 1940 da hotunan bango da fenti mai ɓarewa, kuma aikin nasa a kan haka ya ginu.

Zancen talauci ne abin dubawa, don tsaga ita kaɗai rushewa take nunawa. Haɗa hotuna takwas zuwa goma su zama jeri, ka buɗe da guda mai faɗi da ke nuna zankaye da ƙofar zaure, kowanne da sunan unguwa da shekara. Kuma daina tambayar "ya yi kyau?", kara za a yi maka. Nuna wa mutum biyar ba taken komai, ka ce: "Ina idonka ya fara sauka?" In huɗu sun nuna inda ka nufa, tsarin ya zauna. In kowa da nasa wurin, sake yanka hoton.

Amsa ta huɗu:
A ina suka gani? In ta WhatsApp ne, yana matse hoto, kuma ƙananan kaushi ne ke fara dagulewa. Tura shi a matsayin Document. Mafi kyau ka buga ɗaya a girman A3, 300 ppi (ɗigon hoto 300 a kowane inci), a takarda marar sheƙi. Rage hasken allonka kafin gyaran ƙarshe, in ba haka ba bugun zai fito da duhu.