Fararen ɗigo sun fito wa kifayen adona, biyu sun mutu

Salam. Ina da jajayen kifayen adon nan, goldfish, guda 5 a akwatin gilashi mai cin lita 40. Yau kwana 8 da wasu fararen ɗigo suka fito musu a wutsiya, kamar an barbaɗa gishiri. Suna ta goga jiki da duwatsu, suna tasowa sama suna haki, abinci ko kallo.

Sau biyu ina canja rabin ruwan da na famfo wanda ya kwana a bokiti, na kuma zuba gishiri cokali biyu. Ɗigon ya ɓace kwana biyu, sai ya dawo ya fi na da. Biyu sun mutu.

Don Allah, wane magani zan zuba ya kashe cutar bai taɓa ukun da suka rage ba?