Hondar da ke kwance a Bagalam

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata moto, Honda CD175, a zauren wani dattijo a unguwar Bagalam, nan Maraɗi, irin mai silinda biyun nan da aka daina ƙerawa tun 1979. Ba ta tashi. Ya ce jika 150 na sefa. Kwana uku ke nan tana hana ni barci, shi ya sa na kawo ta a waƙe. Mai amsawa ya riƙe mani amsa-amon "wa".

Na ga moto a zaure kwance,
Ƙura ta rufe ta, taya a sace,
Mai ita ya ce da ni in amince,
Wai barci take, ba ta kai ga mutuwa.

Tun zamanin Kunce take Maraɗi,
Ja ce, kujerarta akwai faɗi,
Zuciya ta ce saya, ta manta da kuɗi,
Ku ba ni gaskiya, ban son ɓoyewa.

Bakaniken Mokoyo:
Ƙanena, bar kallon fenti da birki,
Fara da leƙa cikin tanki,
In tsatsa ta ci shi har baki,
Wanki ne da walda, yana gyaruwa.

Sannan taka kik ya yi ƙasa,
In ya tsaya cak kamar an dasa,
Fistan ya cije, zance ya yi nisa,
Ruwa ya shiga, ringi sun gama mannewa.

Kwance buji biyun ka ajiye,
Zuba baƙin mai da kalanzir a gauraye,
Kwana uku ka bar ta nan a tsaye,
Sa giya ka tura, ka ji ko tana juyawa.

Wannan ba ya shiga waƙa, amma ka sani: wutarta bolt 6 ce, motocin yanzu kuwa 12. Batir da ƙwan fitila duk sai an nema.

Gwaggo ta Tibiri:
Ɗana, wa ke cinikin doki a kushewa?
Kuɗin nan ai tumaki ne masu haihuwa.
Rufin ɗakin matarka ruwa yake zubarwa,
Kai kana bin ƙarfen da ba ya motsawa.

Ɗan Kabu-kabu:
Yaya, ni kan moto nake wuni da kwana,
Daga tasha zuwa Ali Ɗan Sofo cikin rana,
Kasea in ta tsaya ba doguwar magana,
Kayanta na nan jibge a babbar kasuwa.

Taka fa? Sai ka bi Ɗan Isa ka ƙetare,
Jibiya, Katsina, Kano sai dare,
Ƙofar Ruwa ka shiga ido a zare,
Canjin sefa da naira ya cinye ragowa.

Malam na Limanci:
Ni ban san inji ba, na san takarda,
Ina ta duwan? Ina masu shaida?
Dattijon ne mai ita, ko kuwa magada?
Lambar jikinta ka gwada kafin biyawa.
Jandarma ba ya jin labarin tsufa, ka sani.

Ɗan Gulbi:
Malam, layinka na ƙarshe ya karya amo, amma na ji shi. Bari in faɗi abin da na ɓoye.

Gwaggo, na ji, kin faɗi gaskiya,
Ba haya zan yi ba, ba doguwar tafiya,
Irinta Baba ya hau, Allah jiƙan mazan jiya,
Ni bisa tanki, madubi nake riƙewa.

In an sauko Juma'a mu nufi Madarumfa,
Ya sayi kifin tafki ƙarƙashin rumfa,
Warin esansi da na kifi da zufa,
Har yau hancina bai yarda da mantawa.

An sai da tasa shekarar da ya kwanta,
Kuɗin magani ne suka cinye ta,
Ina yaro, ban ga wanda ya ja ta,
Ƙarar nan tata ce nake son jiyowa.

Gwaggo ta Tibiri:
Allah ya jiƙan shi, ka sa ni tunawa,
Nawa da Mobilet ya zo zance, muna ta turawa.
To na sassauta, amma ga sharaɗin sayowa:
Kwanon rufi tukuna, sannan tsohuwa.

Bakaniken Mokoyo:
Tun da ƙauna ce, ba ni hana ka,
Amma kar dattijo ya karanta fuskarka,
In ya ji zancen Baba ya gama da kai da jikarka,
Je masa kamar ɗan gwangwan mai aunawa.

Moton da ba ya tashi kilo ne farashinsa,
Abin da ka ƙara, ladan tsufansa,
Kuma ka ware ninki don gyaransa,
Wata shida ko fi, ba a gaggautawa.

Ɗan Kabu-kabu:
Wata shida? Ranka ya daɗe, ka rage masa ne don kar ya yi kuka.

Ɗan Gulbi:
Ga labari. Na zuba man kamar yadda Yaya Bakanike ya ce, jiya muka koma da yara biyu. Turin farko taya ta ja ƙasa kawai. Na uku sai na ji fuf, fuf daga ramin buji, mai ya fantsamo mani a riga. Takarda tana nan, daga adaka dattijon ya fiddo ta, gara ta ci gefe amma lamba ta dace. Sai dai kabureta babu, wai jikansa ya kwance ta tun bara, ba a san inda ya kai ba. Ya sauko 110, na tsaya 80. Ban ambaci Baba ba, ko da yake sau biyu ya tambaye ni ɗan wane ne.

Bakaniken Mokoyo:
Ta yi numfashi, to ta ci a ɗauka,
Kaburetarta guda ce, rabin wahala ta sauka,
Tsaya kan 90, kar ka ƙara ko jika,
Nemo amalanke, ba a hawa sai an canza mai da wankewa.

Ka kawo ta gareji bayan la'asar. Ka zo da tsohon buhu, yoyo za ta yi.

Gwaggo ta Tibiri:
Kwano nawa ka saya?

Ɗan Gulbi:
Huɗu, Gwaggo. Saura shida.