Waya ta hana mu sukuni: wa ya taɓa gwada zaman shiru irin na mabiya Buddha?

Ɗalibi a Pune: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta uku ke nan ina karatun harhaɗa magunguna a Indiya, kuma waya na neman kassara ni. In kwanta ƙarfe sha ɗaya da niyyar duba saƙo ɗaya, kafin in ankara asuba ta gabato ina TikTok. Wani abokin karatuna ya ba ni labarin vipassana, zaman shiru na kwana 10 irin na mabiya addinin Buddha, da wani malami mai suna S. N. Goenka ya fara koyarwa a nan Indiya a 1969, bayan ya koyo a Burma. Ranar shiga ake karɓe waya, ba magana, ba karatu, ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, kuma ba a biyan ko sisi. Har na fara cike fom, sai na ga ƙa'idar cewa mutum zai jingine ibadarsa har a gama. Nan na tsaya, don salla ba abar jinginewa ba ce. Amma matsalata tana nan. Wa ya taɓa gwadawa?

Injiniya ɗan Jos, a Malesiya: Ni na yi, ƙanena. Ni Kirista ne, kuma ƙa'idar nan ni ma ta tsaya mini a rai. Ka kuma sani, a daren farko ana furta kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa, ko da yake suna bayyana cewa ba sauya addini ba ne. Kwana uku na farko ba abin da ake yi sai lura da numfashi a bakin hanci, shigarsa da fitarsa. Daga nan a koma bin jiki daga tsakar ka zuwa tafin ƙafa, kusan awa 10 a rana. Gwiwa ta yi ciwo, amma ba shi ya fi damuna ba. Hannuna ne. Sai in ji ya tafi aljihu da kansa, alhali wayar tana kulle a ofis. Sai wajen kwana na shida hannun ya haƙura. Bayan na fito na yi kamar wata biyu cikin natsuwa, daga baya na fara komawa gidan jiya. Abin da ya zauna mini ɗaya ne, daga koyarwar Thich Nhat Hanh, malamin nan ɗan Biyetnam da ya rasu a 2022: in waya ta yi ƙara, ka ja numfashi sau uku kafin ka ɗauka.

Ma'aikaciyar jinya a Ingila: Ba dole sai ka shiga irin wancan ba. Ni na yi na mako takwas, tsarin da Jon Kabat-Zinn ya kafa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Daga wajen mabiya Buddha ya ɗauko dabarar, ya bar addinin. Ban fasa salla ko ɗaya ba. Abin da na gano ya girgiza ni: sha'awar ɗaukar waya a jiki take zaune. Ni a ƙirji nake jin ta, kamar an ɗaure ni, musamman in na dawo aikin dare gida shiru, kewar 'yan uwa ta taso. Da na koyi zuba mata ido ba tare da na bi ta ba, sai na ga tana tasowa, ta yi ƙarfi, ta lafa da kanta cikin 'yan mintuna. Shekaru ina tsammanin in ban biya mata ba ba za ta tafi ba. A harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan mabiya Buddha, ana ce wa wannan kwaɗayi tanha, wato ƙishirwa. Wallahi sunan ya dace, don kana sha tana ƙaruwa.

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Ni manhajar koyon abin na sauke a waya. Ina buɗewa saƙon kwastoma ya shigo, shi ke nan. Bai yi mini ba, kuma abin yana damuna, don ɗiyata ta taɓa ce mini Baba ba ka kallona in ina magana.

Malamin makaranta a Damagaram: Allah ya kawo sauƙi, Alhaji. Ni ban yi nasu ba, amma bara na shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, na bar waya a gida. Abin da Injiniya ya faɗa game da hannu, haka na ji, har na riƙa jin kamar tana rawa a aljihu. Lura da numfashi ban ga aibinsa ba. Furta neman mafaka ga wanin Allah kuwa, wannan sai a nisance shi, kuma ɗana, ka tambayi malamin da ka yarda da shi.

Ɗalibi a Pune: Na gode ƙwarai, Malam. Anti, jiya na gwada naki. Bayan isha'i na saka wayar a durowa, na zauna a kan darduma minti goma ina bin numfashi. Sau huɗu abin ya taso mini. Na uku na miƙe har na kama hannun durowar, sannan na dawo na zauna. Yau na sayi agogon tebur, don wayar ta daina kwana kusa da kaina.