Zaman lakca da karatun dare sun kashe min jiki, ku ya kuke yi da motsa jiki?

Ɗan Aji Uku:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suke jami'a ko suka gama. Ina aji uku ne a ɓangaren injiniya, kafin na samu admishan kullum da la'asar ina filin unguwarmu muna buga ƙwallo har a kira magariba, ba na kwana ban yi gumi ba. To yanzu abin ya canza gaba ɗaya, lakca tun takwas na safe wani lokacin har biyar ko shida, in an tashi na hau ɗan sahu zuwa ɗaki, na dafa Indomie, na ɗan miƙe baya, bayan isha'i kuma sai aji karatun dare har ɗaya ko biyu. Wallahi semesta biyu kenan ƙafata ba ta taɓa ƙwallo ba. Yanzu bene hawa biyu in na hau sai na tsaya ina haki, in na daɗe a kan benci baya ya dinga ciwo, da safe na tashi jiki a mace kamar an min duka, ga wani ƙunci da nake ji haka kawai ba wanda ya min komai. Kuɗin jim kuma gaskiya ba ni da su. Kuma ina tsoron in ware lokacin motsa jiki karatuna ya samu matsala don kwasa-kwasan bana ba wasa. Ya zan yi?

Mai Karatun Likita:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu. Ka cire maganar jim a ranka tukuna. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ƙa'idojinta na 2020 ga mai shekara 18 zuwa 64 shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, ko minti 75 zuwa 150 in mai tsanani ne irin gudu ko ƙwallo, sai kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati. Ka lissafa, 150 ɗin nan minti talatin ne sau biyar kawai. Kuma ba dole sai a jere ba, minti goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk yana shiga lissafi.

Matsakaici kuma yadda za ka gane shi, tafiya ce da sauri wadda numfashinka zai ɗan ɗaga, kana iya magana da na kusa da kai amma in aka ce ka rera waƙa ba za ka iya ba. To kaga ɗan sahun nan da kake hawa daga aji zuwa ɗaki, in tafiyar ba ta wuce minti ashirin ko talatin a ƙafa ba, ai nan motsa jikinka yake, ga kuɗinka sun huta a aljihu. Ciwon bayan kuma sau da yawa dogon zama ne a sunkuye, tsokar ciki da ta baya sun yi sanyi. Duk in malami ya fita kafin wani ya shigo ka tashi ka fita waje ka miƙe, kada ka zauna kana latsa waya. A ɗaki ka dinga yin furesof da tsugunna-tashi, goma-goma sau uku ya isa farko.

Amma fa in hakin yana zuwa da ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya da ba ka saba ji ba, ko ƙuncin nan ya wuce sati biyu kullum yana nan har abinci da karatu sun fita ranka, dan Allah ka je kilinik ɗin makaranta a duba ka, a auna jininka, kada ka ce motsa jiki kaɗai zai magance.

'Yar Samaru:
Ɗan uwa kai ma da sauƙi, namiji ne kai, ko ina ka ga ana ƙwallo sai ka cire takalmi ka shiga. Mu mata abin ya fi mana wuya, ba kowace za ta iya fita gudu a bainar jama'a ba ido ya yi mata yawa. Ni a Zariya na yi karatu kuma abin da ya taimake ni shi ne ƙawaye. Mu huɗu ne muka yi alkawari, bayan sallar asuba in gari ya fara haske sai mu saka hijabanmu da kambas mu zaga cikin makaranta da sauri wajen minti arba'in, muna tafe muna yi wa juna tambayoyin abin da aka koyar jiya, wallahi abubuwa da yawa a wannan tafiyar na haddace su. Ranar da na ji kasala sai na ji ana buga min ƙofa, kunya ma ba za ta bari ka ce ba za ka ba. Ni kaɗai da tuni na daina a sati na biyu.

Ranar da ake ruwa ko sanyin hunturu ya yi yawa sai mu yi tsallen igiya a barandar hostal, igiyar ma ta shanya ce muka yanka. Don haka ka nemo mutum ɗaya ko biyu a ajinku masu irin damuwarka, na tabbata suna nan da yawa kowa ya yi shiru ne.

Yayanku Tsohon Ɗalibi:
Ƙanina, duk abin da suka faɗa haka ne amma ni inda na tsaya shi ne karatun daren nan har biyu, sannan lakca takwas. Awa nawa kake barci kenan, huɗu ko biyar? Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Jikin da bai ƙoshi da barci ba ko an ce ya yi gudu ba zai iya ba, kuma abin da ka karanta, a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take adana shi. Ni ma na yi wannan rayuwar, sai a aji huɗu na gane awa biyu da na yi da kai a sake ta fi awa biyar da nake yi ina gyangyaɗi a kan handawut. Ka gwada rufe littafi sha ɗaya, ka tashi da asuba ka ɗora.

Sannan tunda kai ɗan ƙwallo ne kada ka bar ta. Ka leƙa ofishin wasanni na makarantarku, yawancin jami'o'inmu suna da shi, su ne masu shirya 'yan wasan da ke zuwa gasar NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wadda aka fara tun 1966 a Ibadan. Ba sai ka shiga tim ɗin makaranta ba, akwai gasar tsakanin dipatmen da dipatmen, akwai masu bugawa ranar Asabar da safe. Wasa ɗaya mai kyau a ƙarshen sati ya kusa cike maka minti 75 ɗin da ake magana. Sai dai kada ka shiga da zafinka ranar farko, shekara guda ba ka buga ba, ka yi sati biyu kana tafiya da ɗan sassarfa tukuna, in ba haka ba tsoka za ta ɗaure ko ka samu targaɗe.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan zafi ne babbar matsala, daga watan uku zuwa na biyar in rana ta ɗaga ba mai iya komi, sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma ka riƙe gorar ruwanka. Lokacin hunturu in ƙura ta yi yawa mai asma ya yi nashi cikin ɗaki. Da azumi kuma ni bayan tarawi nake tafiyata, wasu abokaina suna yi dab da shan ruwa amma kaɗan. Mu da yamma har kokowa muke yi a kan rairayi, musamman in gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ta matso kowa jininsa ya motsa, minti biyar ka kama da mutum za ka san ka yi aiki.

Ɗan Aji Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya maganarka ta barci ta shige ni don gaskiya ba na wuce awa biyar. Yau na gwada dawowa a ƙafa daga fakalti, na duba agogo minti ashirin da biyu ne zuwa ƙofar ɗaki, in na yi zuwa da dawowa kenan na wuce talatin ɗin. Na kuma yi wa abokin zamana maganar fita bayan asuba kamar yadda 'yar uwa ta ce, ashe shi ma bayan yana damunsa, mun ce za mu fara Litinin in sha Allah. Malam likita ba na jin ciwon ƙirji amma zan je a auna min jinin cikin satin nan. Furesof ɗin da safe ya fi ko kafin kwanciya?