Kafin Hausa, Dutse ko Wudil: ina za a kai yarinyar?

Baban Hauwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Manya a gafarce ni, shawara na zo nema. Sakamakon JAMB ɗin Hauwa'u ya fito, ta samu maki 203, kuma kiredit ɗinta na NECO sun cika har da Turanci da Lissafi. Lokacin cike fam Dutse aka sa mata, amma yanzu an cika min kunne, wannan ya ce a canza mata zuwa Kafin Hausa, wancan ya ce Wudil. Ita kuma ilimin noma take so, ko duk abin da ya shafi tsirrai. Ni ban yi boko mai nisa ba. Kwanaki na wuce ta gaban jami'ar Kafin Hausa na hango gine-gine sababbi fil, sai na ji wajen ya kwanta min. Waɗanda suka sani su ɗora ni a hanya.

Direban Layin Hadeja: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka. Yaya, kar ka wahalar da kanka, Kafin Hausa kawai. Ni da nake bin hanyar nan kullum na san yadda garin yake kafin a kawo jami'a. Da an yi isha'i sai kukan karnuka. Yanzu je ka gani: masu shayi har tsakar dare, shagunan buga takardu, masu POS, 'yan acaɓa. Filayen da ake shuka gero a bakin titi duk an yanka su fuloti an gina ɗakunan haya. Ga shi kusa da gida, in ka ba ni ƙullin garin tuwo da safe, kafin azahar yana hannunta.

Malam Hedimasta: Madalla da wannan labari, Allah ya yi wa yarinya jagora. Bari in ɗan jera muku su, don wasu na rikita sunayen. Ta Wudil ita ce babba a shekaru, gwamnatin Kano ta buɗe ta a 2001 da sunan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, aka mayar da ita sunan Aliko Dangote a 2022. Ta Dutse ta tarayya ce, tana cikin guda tara da aka kafa a 2011 zamanin Jonathan, sa'ar ta Dutsin-Ma da ta Kashere. Ta Kafin Hausa tamu ce ta jiha, an kafa ta a 2013, daga baya aka sa mata sunan Sule Lamido. Sai autarsu, ta fasaha da ke Ɓaɓura, 2021. Mu a zamaninmu in ba Bayero ko Zariya ba, sai dai ka haƙura. Yau ɗan Jahun yana zaune a tsakiyar jami'o'i yana ruwan ido.

Kawu na Kasuwa: Ni tambayata ɗaya. Mace da karatun noma? Gona za ta je ta riƙe garma? A nema mata malanta ko aikin asibiti mana.

Anti Nas: Haba Kawu, da girmanku. Wa ke sussukar gyaɗa a garin nan, wa ke matse mai, wa ke kiwon awaki da kaji a cikin gida? Wa ke ɓarar zoɓo in kaka ta yi? Mata ne. Malamin gona namiji iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gida. In akuya ta kamu da zawo ko ƙwari suka shiga buhun wake, matar gida sai dai ta aika yaro ya tambayo, kafin saƙo ya dawo ya canza kama. Malamar gona mace kai tsaye za ta yi sallama ta shiga. Kuma ku tuna Farfesa Fatima Batul Mukhtar, ilimin tsirrai ta karanta, ita ta shugabanci jami'ar Dutse daga 2016 zuwa 2021.

Kawu na Kasuwa: To, an rufe min baki. Allah ya ba da sa'a.

Dakta: Salamu alaikum. Ina aji ne sai yanzu na duba waya. Yaya Baban Hauwa, maganar gine-ginen da ka hango nake so in tsaya a kai, don a nan iyaye da yawa ke yanke hukunci. In ka matsa kusa za ka ga yawancinsu an rubuta TETFund a jiki. Asusu ne na tarayya da ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni, ana raba wa jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jihohi, da kwalejojin ilimi da na fasaha. Shi ya sa za ka je Dutse ka ga ɗakin lacca, ka je Wudil ka ga ɗan'uwansa. Gini abin so ne, amma ba shi ke bambanta wannan jami'a da waccan ba.

Abin da za ka tambaya shi ne su wa ke cikin ginin. A sashen da yarinya za ta shiga, malamai nawa ne na dindindin, nawa ne masu zuwa aro daga wata jami'ar? Sababbin jami'o'i duk da malaman aro suke farawa, ba laifi ba ne, Bayero da Ahmadu Bello sun goya da yawa a haka. Amma malamin aro yakan zo ranar Asabar ya haɗa karatun mako uku a zama ɗaya ya kama hanya. In ɗalibi bai gane ba, babu ofishin da zai je ya ƙwanƙwasa. Sannan nawa ne masu digirin digirgir? Wannan asusun dai shi ke ɗaukar nauyin ƙananan malamai su je ƙaro karatu, a gida ko a waje. Sashen da ya tura mutanensa shekarun baya, yanzu ne suke dawowa, kuma a nan za ka ga ci gaban gaskiya, sai dai ba a hango shi daga titi.

Ga sharaɗin da ba a wasa da shi: a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta tantance kwas ɗin. Ba jami'a gaba ɗaya ake tantancewa ba, kwas-kwas ake bi.

Baban Hauwa: Dakta, wannan tantancewar a ina mutum irina zai gan ta?

Dakta: NUC na sa jerin a shafinta na intanet, zan duba mata duka ukun in turo maka. Kai kuma in ka je, ka nemi ofishin shugaban sashen ka tambaya baki da baki. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Maman Sadiƙu: Wallahi ku ji maganar Dakta. Ɗan yayata a wata makaranta, ba zan kama suna ba kuma ba a cikin waɗannan take ba, ya gama karatu tsaf aka ce kwas ɗinsu bai samu amincewa ba. Abokansa na firamare suka tafi bautar ƙasa suka dawo yana zaune a gida yana jiran a gyara takardu. Uwarsa har gona ta jinginar saboda karatun nan.

Auta na Wudil: Ina gaida iyayena. A bar ni in kare makarantarmu kaɗan. Ni injiniyanci nake, amma 'yan tsangayar noma muna tare da su a masallaci da wajen cin abinci. Abu na farko da ya kamata Baba ya sani, digirin noma shekara biyar ne, ba huɗu ba, kuma shekara ɗaya cikinsu ta aikin gona ce, za su sa takalmin roba su yi shuka, su kula da kaji da dabbobi. A shirya aljihu da wannan lissafin. Wudil kuma gari ne da ya daɗe da ɗalibai, ga Kwalejin 'Yan Sanda a gefe, ga kogi, kifi da kayan miya ba sa yankewa. Ranar Juma'a in kasuwar shanu ta ci, garin ba masaka tsinke, wanda ke karantar kiwon dabbobi ya samu aji na biyu kyauta. In kana neman littafi ko wani abin gwaji, ka hau mota ka shiga Kano ka dawo a ranar.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu 'yan Jigawa a can baƙi ne a takarda. Kuɗin rajistar ɗan Kano daban, namu daban.

Malam Hedimasta: Tun 27 ga Agusta 1991 muka zama baƙi a Kano, ɗana. Kakanku kuwa takardarsa ta haraji Jihar Kano aka rubuta.

Direban Layin Hadeja: Kun ji ko? A Kafin Hausa ita ce 'yar gida. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kawai za ta kai.

Anti Nas: Direba, ba wanda ya kushe Kafin Hausa, amma bari in faɗi abin da na sani a Dutse tunda a nan nake zaune. Jami'ar ta tarayya ce, saboda haka za ta zauna aji ɗaya da 'yan Bauchi, 'yan Binuwai, Yarbawa, Inyamurai. Yarinyar da ta tashi a ƙauye, Turancinta na littafi ne, a irin wannan cakuɗa bakinta ke buɗewa dole. Asibitin Rasheed Shekoni yanzu shi ne asibitin koyarwa na jami'ar, in rashin lafiya ta taso ba sai an ɗauko ta an yi doguwar tafiya ba. Kuma tunda tsirrai take so, a Dutse akwai tashar binciken dabino ta NIFOR.

Abin da zan ja kunne a kai, ko ina aka kai ta, shi ne wurin kwana. Ɗalibai sun fi gadaje yawa a kusan duk jami'o'in gwamnati. Ranar da aka buɗe neman ɗaki a intanet, a ranar ake nema, ba a cewa sai an sayar da riɗi. In ba a samu na cikin makaranta ba aka koma haya a gari, kar a kama ɗaki ta waya. A je da ƙafa. A duba ko gidan na mata ne zalla, akwai ƙofa mai kulle, mai gidan ko iyalinsa na kusa. A tambayi ruwa: famfo ne, burtsatse ne, ko 'yan garuwa? Kuɗin ruwa a wata yakan cinye abin da aka rage a haya. A kuma auna nisa, don akwai laccar da ake tashi dab da magariba.

Maman Sadiƙu: Ƙanwata na sayar da abinci a Kafin Hausa, yawancin masu sayenta ɗalibai ne. Ta ce abin da ta fi so da wajen, mutanen gari sun san yaran da ke haya a unguwarsu, in yarinya ta kwana biyu ba a ga giccinta ba sai an leƙa an tambaya. In can aka zaɓa zan haɗa Hauwa'u da ita. Sai dai a nemi ɗaki a kan tudu, kowa ya ga abin da ruwa ya yi a ƙasar Hadeja a 2022.

Dakta: Ƙarin bayani kan ingancin malamai, tunda noma ake magana. Ku lura da sashen da malamansa ke fita gonakin mutane. Misalin da kowa ya sani a arewa shi ne Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Bayero, wadda aka kafa a 2012, Bankin Duniya ya sa ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Da aiki kan gero, dawa, wake da ƙasa irin tamu ta yi suna. Ga cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, duk suna da ofis a Kano. Malamin da ke da hulɗa da irin waɗannan wurare shi ke sama wa ɗalibinsa gurbin koyon aiki, shi ke rubuta masa takardar shaida in zai nemi digiri na biyu. Hanya mafi sauƙi ta gane haka, a samu ɗan aji huɗu ko biyar a sashen, a saya masa lemo, a tambaye shi ina suka yi aikin gonarsu kuma wa ya duba su. Ɗalibai ba sa ɓoye irin wannan.

Ra'ayina, kar a yi gaggawar canza Dutse. A bari su fitar da makin da za su ɗauka a sashen noma. In makinta bai kai ba, JAMB na ba da damar canjin makaranta, sai a koma Kafin Hausa, kuma ba faɗuwa ba ce. Wudil zan sa ta uku, don kuɗi kawai.

Direban Layin Hadeja: In ana jira gurbin Kafin Hausa ya cika fa? Kuma ku tuna yajin aikin 2022, wata takwas 'yan tarayya na gida.

Dakta: Maganarka ta farko gaskiya ce, shi ya sa za a sa ido kan sanarwar duka biyun. Yajin aiki kuwa, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta ƙasa ce, jami'o'in jihohi da dama sun shiga wancan, ba wanda zai ba ka tabbaci a kansa.

Baban Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bar ta a Dutse tukuna. Amma zan je duka biyun in gani da idona, da uwarta, don ita ce ta fi damuwa da maganar ɗaki. Saura batun kuɗi, ana ta cewa gwamnati na ba da bashi.

Magatakardan Zaure: NELFUND ke nan, asusun ba ɗalibai bashi na tarayya, an fara a 2024. Ba ruwa a kansa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ɗalibi kuma in ya nemi na kashewa ana ba shi naira 20,000 a wata. Biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Amma sai ta samu gurbi a makaranta za ta iya nema, don haka a tanadi na rajistar farko. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha, ita ma a nema.

Kafin nan, duk mai yaro a wannan layi ya tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, in ba haka ba sunansa ba zai fito ba ko makinsa ya kai. In gurbi ya fito a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbi, yaro da kansa zai shiga ya danna amincewa. Kar a bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirri. Sunan da ke NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya zama daidai da na JAMB harafi da harafi, Hauwa da Hauwa'u ba ɗaya ba ne a wajen kwamfuta.

Kawu na Kasuwa: Tunda an buɗe fage, nawa yaron ya gama difloma a Kazaure. Shi ma sai ya sake rubuta JAMB?

Dakta: A'a Kawu, fam ɗin shiga kai tsaye zai saya, a aji biyu zai fara in sakamakonsa ya yi kyau. Ku turo min hoton takardar tasa ta gefe in ga kwas ɗin da ya yi.